Libvirt Biyu A Kwamfuta Ɗaya

Duk wanda ya taɓa sauko da rubutun tushe na libvirt, ya harhaɗa shi da hannunsa, ya girka, sannan ya buga umarnin virsh list yana jiran ya ga jerin kwamfutocinsa na kwaikwayo, da wuya bai ci karo da wani saƙo da mu masu kula da saba muka daɗe da haddacewa ba. Manhajar za ta ce ta kasa haɗuwa da soket ɗin da ke /usr/local/var/run/libvirt/libvirt-sock, wai babu fayil mai wannan suna. Sabon shiga yakan ɗauka ginin ne ya lalace, sai ya share komai ya sake daga farko, ya kuma dawo wuri ɗaya. Alhali ginin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne yanzu libvirt biyu ne a kwamfutar: wadda ta zo da nau'in Linux ɗinsa tana zaune a /usr tana sauraro a /var/run, wadda ya gina kuma ta sauka a /usr/local tana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta. Ni dai a iya zamana a wannan harka, tun zamanin da Xen ke tashe, yawancin matsalolin da aka kawo mini na ginin hannu asalinsu ke nan, sai dai kamanni su bambanta. Kuma ba a gane dalilin da ya sa abin ke ruɗa har ƙwararru sai an san yadda aka yi libvirt ta samu.

Raba kwamfuta ɗaya ta zama da yawa tsohuwar dabara ce. IBM ta yi ta tun shekarun 1960 a kan manyan injinanta, ta kuma fitar da VM/370 a 1972. Furosesar x86 da ke cikin kwamfutocinmu na yau da kullum ce ta yi taurin kai, domin akwai wasu umarnanta masu haɗari da baƙuwar kwamfuta za ta iya bayarwa ba tare da mai masauki ya sani ba. VMware ta kewaye wannan a 1999, amma da kuɗi kuma a rufe. A ɓangaren manhajar kyauta, 2003 ce shekarar da abubuwa biyu suka fito: Xen daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin su Ian Pratt da Keir Fraser, da kuma QEMU ta Bafaranshe Fabrice Bellard.

Xen tana da sauri, amma sarrafa ta wahala ce. A wancan lokaci tana da wani mai aikin bayan fage da ake kira xend, wanda aka rubuta da Python, kuma yadda ake magana da shi yana canzawa kusan duk sabon fitowa. Ka rubuta 'yar manhajarka ta kunna baƙi da kashe su yau, bayan wata shida ta daina aiki. Wannan ne ya dami Red Hat, wadda ke shirin sayar wa manyan kamfanoni Linux mai ɗauke da Xen tare da alkawarin kula da shi shekaru masu yawa. Sai Daniel Veillard, wanda ya rubuta libxml2, ya fara wata 'yar laburare da za ta tsaya tsakanin Xen da masu amfani da ita. Fitowar farko ta zo a Disamban 2005. Wanda ya san aikin Veillard na baya ba zai yi mamakin cewa har yau da XML ake bayyana kowace baƙuwar kwamfuta a libvirt ba.

Alkawarin da aka gina aikin a kai shi ne: duk hanyar kira da aka taɓa buɗe wa jama'a ba za a rushe ta ba. Manhajar da aka rubuta fiye da shekaru goma da suka wuce za ta ci gaba da aiki da libvirt ta bana. Sun kuwa cika alkawari, har ta kai sunan fayil ɗin laburaren bai taɓa canzawa ba: libvirt.so.0 yake tun farko, haka yake yanzu. Ga mai amfani wannan alheri ne babba. Ga mai ginin hannu kuwa nan ne tarkon yake. Kamar gida ne mai Aminu biyu: ka tsaya a zaure ka ƙwala kira, wanda ya fi kusa da ƙofa ne zai amsa, ba lallai wanda kake nema ba. Mai ɗora laburare na Linux yana bin jerin foldodi ne, na farkon da ya samu mai wannan suna shi zai ɗauka, bai damu da shekarar haihuwarsa ba. Shi ya sa sabuwar virsh za ta tashi ta riƙe tsohuwar laburare, ta faɗi da ƙorafin cewa ba ta ga wata alama mai suna LIBVIRT_PRIVATE da lambar fitowa a gabanta ba. Wannan saƙon ma rahama ne, don ya tona asirin matsalar nan take. Wanda ya fi muni shi ne idan komai ya tashi lafiya, kana ta gwada gyaran da ka yi ba ka ga canji ba, domin tsohuwar laburaren ce ke ta amsa maka. Umarnin ldd a kan virsh yana nuna wace laburare aka ɗauka, kuma virsh version --daemon yana faɗin wadda aka harhaɗa da ita da wadda ake amfani da ita yanzu da kuma ta mai aikin bayan fage. Idan lambobin nan suka saɓa, ba sai an ci gaba da bincike ba.

Da Xen kaɗai ta ci gaba da mulki, da wataƙila libvirt ta tsaya a 'yar ƙaramar laburare. Amma Intel ta fitar da VT-x a 2005, AMD ta biyo da tata a 2006, furosesa ta fara taimakawa da kanta. Avi Kivity na wani ƙaramin kamfanin Isra'ila mai suna Qumranet ya rubuta KVM a kan wannan damar, aka karɓe ta cikin zuciyar Linux ta 2.6.20 da ta fito a Fabrairun 2007, cikin 'yan watanni da bayyana ta, abin da Xen ta yi shekaru tana nema. A wannan shekarar Citrix ta sayi XenSource, kamfanin masu Xen, a kan kusan dala miliyan 500. A Satumban 2008 Red Hat ta sayi Qumranet a kan dala miliyan 107. RHEL 5, Linux ɗin Red Hat na manyan kamfanoni, ta fito da Xen a 2007, aka ƙara mata KVM a 5.4 cikin 2009, RHEL 6 ta 2010 kuwa ta ajiye Xen gaba ɗaya a matsayin mai masauki. Waɗanda suka rubuta kayan aikinsu a kan libvirt sun tsallaka wannan kogi ba tare da sun jiƙa sosai ba, kuma daga nan ne mutane suka fara ɗaukar ta da muhimmanci.

KVM ta zo da nata nauyin. Ita ba ta da mai kula irin xend. Kowace baƙuwa manhajar QEMU ce kawai da ke gudana kamar kowace manhaja. Dole wani ya riƙe lissafin wace ce a kunne, wace ce a kashe, wane faifai ne na wa. Haka libvirtd, mai aikin bayan fage na libvirt, ya samu a 2007, tare da hanyar magana da shi daga nesa wadda aka ɗora a kan tsarin XDR na kamfanin Sun. Daga ranar nan libvirt ta rabu biyu, ɓangaren mai tambaya da ɓangaren mai amsa, soket a tsakaninsu. Kowanne kuma yana iya zama na wata shekara dabam. Sabon mai tambaya ya nemi abin da tsohon mai amsa bai sani ba, sai ka ga "unknown procedure" da wata lamba. Wannan tsarin na Sun ya sake tashi mana bayan shekaru, lokacin da glibc ta yi ta janye shi har ta cire shi a fitowa ta 2.32 cikin 2020. Wanda ya zo gina tsohuwar libvirt a sabon Linux sai ya ga an ce babu rpc/rpc.h, kuma maganin shi ne girka libtirpc da fayilolinta na masu gini.

Akwai kuma bambancin qemu:///system da qemu:///session, wanda ya sa mutane da yawa zufa a banza. Na farko na kwamfutar ne gaba ɗaya, na biyu na mutum ɗaya ne. Idan ba tushen iko, wato root, ba ne kai, virsh tana zuwa na biyun ne in ba a ce mata wani abu ba, virt-manager, manhajar taga ta sarrafa baƙi, kuwa ta saba zuwa na farko. Mutum ya ƙirƙiri baƙuwa a nan, ya duba can ya ga wayam, ya rantse ginin da ya yi ne ya cinye ta.

Abin da na fi so in ba matasa labari shi ne yadda libvirt ke gane abin da QEMU ta iya a wancan zamani. Tana kunna ta ne da -help, ta karanta rubutun taimakon da aka yi don ɗan Adam, ta nemi wasu kalmomi a ciki. Idan ta ga kalmar, to QEMU ta iya abin. Haka kuma take ba ta umarni ta hanyar da aka yi don mutum ya buga da yatsa, ta tsinci amsa daga cikin jimloli. Wani ya gyara jimla ɗaya a QEMU don ta fi daɗin karatu, sai wani abu ya karye a libvirt. Mai gina QEMU daga sabon rubutun tushe ya haɗa ta da libvirt ta nau'in Linux ɗinsa, shi ne kullum na farkon shan wannan duka. An kawo QMP, hanyar magana ta inji da inji da ke amfani da JSON, a QEMU 0.12 a ƙarshen 2009, amma sai a 2012, daga QEMU 1.2, libvirt ta koma tambayar iyawa ta wannan hanya. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma aka gama haɗe qemu-kvm, reshen da 'yan KVM suka yi shekaru suna riƙe da shi dabam, da uwar QEMU a fitowa ta 1.3. Kafin nan sai ka fara tabbatar da wace QEMU ce ma ka gina daga cikin biyun. Amsoshin tambayar iyawa ana adana su a /var/cache/libvirt/qemu/capabilities, kuma har yau idan na ga libvirt ta dage cewa QEMU ba ta iya abin da na san ta iya ba, nan nake fara leƙawa.

JSON ɗin nan ya jawo wata dogara. Libvirt ta yi shekaru tana amfani da laburaren YAJL wajen karanta shi. Rubutun configure na wancan lokaci kuma yana da hali guda mai cutarwa: idan bai ga wani abu da ake buƙata don wani sashe ba, sau da yawa ba ya tsayawa ya yi ƙorafi, sai ya tsallake sashen ya ci gaba. A ƙarshe ya zubo dogon jeri na i da a'a, wanda kusan babu mai karantawa saboda murnar an wuce lafiya. Sai bayan an gama komai mutum ya ga "no connection driver available", wato an gina libvirt ba tare da direban QEMU ba kwata-kwata. Ga duk mai koyo a wurina a lokacin, ka'idar ita ce a karanta jerin nan layi-layi kafin a buga make, in da hali ma a tilasta sashen da ake so a fili don ginin ya tsaya idan wani abu ya ɓace. A 2018 masu libvirt sun gwada sauya YAJL da Jansson, suka dawo da baya cikin gaggawa saboda Jansson ta kasa karanta wasu amsoshin QEMU. Sai a 2024 aka yi ƙaurar zuwa json-c. Kenan abin da za ka girka kafin gini ya danganta da shekarar rubutun da ke hannunka.

A saman duk wannan ne virt-manager take. Daniel Berrangé ya fara ta a 2006, Cole Robinson ya riƙe ta shekaru masu yawa bayan nan. Da Python aka rubuta ta, don haka mutane sukan ɗauka ba ta da wahalar gini, tunda ba a harhaɗa ta kamar C. Kana iya kunna ta daga cikin foldar da ka sauko da ita. Gaskiya ne, amma ita ce ta fi kowa yawan abin dogaro. Tana buƙatar gadar da ke haɗa Python da libvirt, wadda tun Disamban 2013, a fitowa ta 1.2.0, aka cire ta daga uwar libvirt ta zama aiki mai zaman kansa. Gadar nan ana ƙera ta ne daga bayanin laburaren da pkg-config ya nuna a lokacin gini, don haka idan PKG_CONFIG_PATH bai nuna sabuwar ba, za ka samu gada zuwa tsohuwar. A 2013 ɗin dai virt-manager ta koma GTK 3, ta fara dogara da fayilolin typelib don kiran laburarorin C. Daga nan muka san saƙon da ke cewa babu LibvirtGLib ko Libosinfo ko GtkVnc, alhali ga laburaren nan a zaune. Fayil ɗin typelib ne ko dai ba a girka ba, ko yana /usr/local inda ba a dubawa sai an saita GI_TYPELIB_PATH. Sannan ga tsarin adana zaɓin mai amfani na GSettings, wanda idan ba a gudanar da glib-compile-schemas ba yake kashe manhajar nan take tun kafin taga ta buɗe. A 2018 fitowa ta 2.0 ta koma Python 3, aka shiga wasu shekaru da kowace kwamfuta ke da Python biyu, kowanne da nasa ma'ajin, gadar tana wannan, virt-manager tana neman ta a wancan. Tagar kuskuren da take nunawa ba ta cika faɗin komai ba. Sai an kunna ta da --debug ake ganin ainihin inda ta yi tuntuɓe.

Zamanin autotools, wato na configure da make, yana da wata azaba da masu intanet mai ƙarfi ba su taɓa ji a jikinsu ba. Kafin autogen.sh ya yi komai sai ya janyo gnulib, wani katafaren ma'ajin rubutu na GNU, da tarihinsa. Mu da ke aiki da modem ɗin layin waya muna lissafin data, mukan ajiye kwafi ɗaya a faifai mu riƙa nuna wa kowane sabon gini, don in layi ya yanke a tsakiya sai a koma farko. An fara shigo da GLib a ƙarshen 2019, aka sallami gnulib a farkon 2020, sannan a Satumban wannan shekarar fitowa ta 6.7.0 ta zo da Meson da Ninja a madadin autotools, aikin da Pavel Hrdina ya yi da faci sama da 300. QEMU ma ta bi wannan hanya a 5.2 cikin Disamba. Ban yi kewar tsohon tsarin ba ko kaɗan. Ginin ya yi sauri, saƙonnin kuskure sun fi fitowa fili. Amma a dare ɗaya duk bayanin gini da aka rubuta cikin shekara 15 ya tsufa. Zaɓin --system da muke ba autogen.sh don foldodin ginin su dace da na nau'in Linux ya koma -Dsystem=true. Har yau ina ganin masu neman configure a cikin rubutun da ba shi da shi.

Kusan a lokaci guda aka fasa libvirtd kansa. Daga 5.7.0 a 2019 aka samar da ƙananan masu aikin bayan fage, kowanne da sashensa: virtqemud na baƙi, virtnetworkd na hanyar sadarwa, virtstoraged na faifai, da sauransu. Fedora 35 da RHEL 9 sun mayar da su abin da ake samu daga farko, Debian da Ubuntu kuwa suka daɗe a kan tsohon. Hikimar a fili take, sashe ɗaya ya faɗi ba zai ja sauran ba. Sai dai soket ɗaya ya zama da yawa, kuma systemd ne ke riƙe da su yana tayar da mai aikin idan an ƙwanƙwasa. Ka kashe libvirtd na nau'in Linux ɗinka don ka gwada naka, ka manta da soket ɗinsa, tambaya ta farko za ta sake tayar da shi a bayanka. Su biyun kuma su kama kokawa a kan virbr0 da dnsmasq da adireshin 192.168.122.1.

Akwai matsalolin da ba ruwansu da kwafi biyu, kuma su ma tarihi ne ya haife su. A 2009 aka shigo da sVirt, wanda ke sa SELinux ya killace kowace baƙuwa da lakabinta, Ubuntu kuma ta yi irin wannan da AppArmor. Ka gina QEMU ka ajiye a foldarka ta gida, ka nuna wa libvirt, sai ka ga "Permission denied" alhali kai ne tushen iko kuma izinin fayil daidai yake. Dokokin tsaron ne ba su san wannan wurin ba. Ana ganin hujjar a rahoton audit ko a dmesg, da kuma fayil ɗin rahoton baƙuwar a /var/log/libvirt/qemu, inda ake rubuta cikakken umarnin da aka kunna QEMU da shi da kuma kalamanta na ƙarshe kafin ta mutu. Shawarar da ta fi yawo ita ce a kashe SELinux gaba ɗaya. Ba na goyon bayanta. A sassauta na minti biyu don tabbatar da zargi, wannan daidai ne. A bar shi a kashe kuwa, an cire katangar da aka gina don ranar da wata baƙuwa za ta ɓalle. Haka ma sunan mai amfanin da QEMU ke gudana a ƙarƙashinsa: Fedora tana cewa qemu, Debian tana cewa libvirt-qemu, kuma ginin hannu da bai dace da wannan ba zai kasa buɗe faifan da tsohon ya bari. Sai kuma mafi sauƙinsu duka, wanda muke yawan gani a kwamfutocin tokunbo da ake saya a kasuwanninmu: VT-x a kashe a cikin BIOS, babu /dev/kvm, komai na tafiya kamar hawainiya. Umarnin virt-host-validate yana faɗin wannan cikin daƙiƙa ɗaya.

Waɗanda suka daɗe a harkar kusan duk sun daina buga umarnin girkawa a kan kwamfutar da suke aiki da ita. Libvirt tana samar da wani ɗan rubutu mai suna run a cikin foldar gini, wanda ke saita duk hanyoyin laburare don virsh ko virtqemud ko ma virt-manager su yi amfani da sabon ginin daga inda yake, ba tare da an taɓa /usr ba. Idan kuwa dole sai an girka, gara a ɗauki fayil ɗin ƙunshi na nau'in Linux ɗin, a sa sabon rubutu ko faci a ciki, a gina RPM ko deb, don mai kula da ƙunshi ya cire tsohon ya sa sabon a gurbinsa. Ta fi ɗaukar lokaci, amma libvirt ɗaya ce za ta rage a kwamfutar. In duk an tabbatar da wannan kuma matsalar tana nan, sai a saita LIBVIRT_DEBUG a ga zancen da ke gudana tsakanin ɓangarorin, in ta kama a yi git bisect tsakanin fitowar da ke aiki da wadda ba ta aiki. Tunda kusan duk wata ake fitar da sabuwa, kuma tun 2017 babbar lambar tana ƙaruwa da ɗaya a farkon kowace shekara, tazarar da za a bincika ba ta cika yin faɗi ba.

Ita virt-manager, Red Hat ta sanar a RHEL 8 cikin 2019 cewa tana kan hanyar ajiye ta, ta fi son mutane su koma Cockpit da ake buɗewa ta burauza. Ba ta mutu ba. A ƙarshen 2024 ta fitar da 5.0, inda ita ma ta koma Meson, don haka tsohon umarnin setup.py da aka yi shekaru ana koyarwa ya bi sahun autogen.sh.